Ƙafa Ɗaya a Kan Layi: Jawabin Wata 'Yar'uwarmu a Taron Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya



Hajiya Shugaba, iyayenmu na kwamiti, Malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci, 'yan'uwana mata, da mazajenmu da 'ya'yanmu da suka rako mu, barkanmu da ganin wannan rana. Allah ya maimaita mana.

Da aka ce bana ni zan yi magana, wallahi sai da gabana ya faɗi. Ni da kuka sani a layin 'yan manja, muryata ta kiran mai saye ce, ban saba da lasifika ba. Takardar nan da ke hannuna ni na rubuta ta da kaina. Mako uku na yi ina rubutawa ina gogewa, Malama tana gyara mini inda na cinye haruffa. Shekara huɗu da suka wuce, ko sunana aka ce in sa, sai dai in dangwala yatsa. Don haka in kun ji na yi tuntuɓe a karatu, ku yi mini uzuri.

An ce in zaɓi mace guda wadda labarinta ya taɓa ni. Na san wasu sun zaci Nana Asma'u zan kawo, ko Hajiya Gambo Sawaba, kuma sun cancanta. Ni kuwa 'yar ƙwallo na kawo muku, mai tsaron gida, wadda wasu ke cewa gola. Ga Hajiya can tana dariya. Ki bari in kai ƙarshe tukuna, ranki ya daɗe.

Dalili shi ne autata. Shekararta 14, tana aji uku na ƙaramar sakandare. Bara na lura kullum Laraba tana dawowa da ƙura har cikin kitso, gwiwar wandon makaranta a yage, tafin hannu jajir. Da na matsa mata, sai ta ce malamar wasanni ta sa ta tsaron gida a ƙungiyar 'yan matan makarantarsu. Ban bari ta rufe baki ba. Na ce ƙwallo? A gidan nan? Na ce daga yau in an tashi ki wuce rumfa kai tsaye, ga mazurari ga kwalabe suna jiranki. Babanta bai ce uffan ba. Ni ce na hana, ni kaɗai. Yarinya ta yi biyayya, amma wata guda cur ban ji dariyarta ba.

Maƙwabciyata a kasuwa Inyamura ce, shekara da shekaru muna sauke manja a mota ɗaya. Ita ta ga yarinyar a takure ta tambaye ni, na gaya mata. Sai ta ciro waya ta nuna mini wata yarinya cikin riga daban da ta sauran 'yan wasa, ta yi tsalle ta ture ƙwallo, filin duka ya ɗauki ihu. Ta ce 'yar jiharsu ce, sunanta Chiamaka Nnadozie. Sai da ta maimaita mini sunan sau biyar kafin harshena ya kama. Ta ce Chiamaka a yarensu yana nufin Allah mai kyau ne. Na kai sunan aji, Malama ta nemo mana labarinta, muka yi ta karantawa layi-layi. Abin da muka karanta shi zan ba ku.

An haife ta ranar 8 ga Disamba, 2000, a Orlu ta jihar Imo, can ƙasar da manjanmu ke fitowa. Da bakinta ta gaya wa 'yan jarida cewa mahaifinta bai so ta buga ƙwallo ba, yana ganin ba aikin 'ya mace ba ne. Mahaifiyarta ce ta tsaya mata, har takan kai ta gidan wata 'yar'uwarsu don ta samu ta buga a sake. Da muka zo wannan layin, na ajiye takardar na yi shiru. A gidansu uba ne ya hana, uwa ta buɗe ƙofa. A gidana kuwa uwar ce ta sa kwaɗo.

Ba ma a raga ta fara ba, cikin fili take bugawa kamar kowa, daga baya ta koma tsaron gida. A 2016, tana tsakanin shekara 15 da 16, ƙungiyar Rivers Angels ta Fatakwal ta ɗauke ta. Wannan ƙungiya tana cikin manyan ƙungiyoyin mata na ƙasar nan. Ku dubi 'ya'yanku masu shekara 15 da ke zaune a nan. Kamarsu take lokacin da ta bar gaban iyayenta ta koma wata jiha, ta zauna a sansani da matan da suka girme ta, ana tashinta da sassafe atisaye. Kuma wani ne a gida ya amince kafin ta tafi. Babu kyamara a lokacin, babu kofi, babu wanda ya san sunanta. Ni wannan amincewar ta fi tsaya mini a rai fiye da duk kofunan da suka biyo baya.

Bari in gaya muku yadda aikin yake, don ni ma sai da autata ta auna mini. Faɗin raga yadi 8 ne, tsayinta ƙafa 8. Masu atamfa, kun san turmi yadi 6 ne. To ku shimfiɗa turmi guda ku ƙara yadi biyu, wannan faɗin mutum ɗaya zai tsare. A cikin 'yan wasa 11 ita kaɗai aka yarda ta kama ƙwallo da hannu, kuma ita kaɗai ce babu kowa a bayanta. Mai kai hari za ta ɓarar da ƙwallo biyar, ta ci ɗaya, a ɗauke ta a kafaɗa. Mai tsaron gida za ta tare tara, ɗaya ta wuce, ita ɗayar za a yi ta zance har a gida. Mu da ke riƙon gida mun san irin wannan. Ranar da miya ta yi daɗi ba a neman wadda ta dafa, sai ranar da gishiri ya zarce.

A watan Agusta na 2018 aka tafi da ita Faransa gasar cin kofin duniya ta 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 20. Ita ta tsare raga a wasanni huɗun da Najeriya ta buga. A wasa da ƙasar Haiti, wanda muka ci 1 da nema, ita aka zaɓa gwarzuwar wasa. Sun kai zagayen 'yan takwas, Sifaniya ta cire su da ci 2 da 1. Ƙarshen wannan shekara aka ɗauko ta cikin babbar ƙungiya, Super Falcons, zuwa gasar Afirka a Ghana. Najeriya ta ci kofin, ta doke Afirka ta Kudu a bugun fenareti a Akara. Amma Chiamaka ko minti ɗaya ba ta buga ba. Akwai babbar yayarta a aikin, Tochukwu Oluehi, ita ke raga. Yarinya tana benci tana kallo. A ƙwallo ana canja 'yan ciki a tsakiyar wasa, amma da wuya a canja mai tsaron gida in ba ciwo ta ji ba. Kullum za ki yi atisaye kamar ke za ki buga, ki sa safar hannu, ki zauna, a tashi ba a kira ki ba. Duk wadda ta taɓa zaman koyon ciniki a rumfar wata, tana aune ba ta taɓa kuɗi, ta san wannan zaman.

Sai 2019, babbar gasar cin kofin duniya ta mata, a Faransa kuma. Wasan farko ranar 8 ga Yuni, Norway ta zuba mana 3 ba ko ɗaya. Kocin Najeriya a lokacin Bature ne ɗan Sweden, Thomas Dennerby. Da wasa na biyu ya zo, wanda in aka sake faɗuwa kusan sai haɗa kaya, sai ya ɗauki safar hannu ya ba ƙaramar. Ranar 12 ga Yuni, a garin Grenoble, muka kara da Koriya ta Kudu. Muka ci 2 da nema: ɗaya su suka ci gidansu, ɗaya Asisat Oshoala ta ci. Ba abin da ya shiga ragar Chiamaka. Shekararta 18 da wata shida. A tarihin gasar kofin duniya ta mata, ba a taɓa samun mai tsaron gida mai ƙarancin shekarunta da ta gama wasa ba a ci ta ba. Rediyo da jaridu suka ɗauka, kowa na yabo.

Kwana biyar kacal tsakani, ranar 17 ga Yuni, a garin Rennes, muka haɗu da masu gida, Faransa. Fili cike da mutanensu. Najeriya canjaras ma ya ishe ta. Aka wuce minti 70 babu ci. Can sai 'yar bayanmu Ngozi Ebere ta yi wa wata ƙeta a cikin da'ira. Alƙaliyar wasa ta je ta duba na'urar nan mai maimaita hoto da ake kira VAR, ta dawo ta ba da fenareti, ta kuma kori Ngozi da jan kati. Fenareti shi ne bugun daga ke sai mai tsaron gida. Ana ajiye ƙwallo yadi 12 daga raga, turmi biyu ke nan, kuma kafin ki ƙifta ido ta iso. Wadda za ta buga ita ce Wendie Renard, doguwar mace, gogaggiya, ta girme ta da shekara goma.

Renard ta buga, ƙwallo ta daki ƙarfen raga ta fita waje. 'Yan Najeriya suka fara murna. Sai alƙaliya ta sa hannu a kunne. Na'ura ta nuna cewa kafin a buga, Chiamaka ta ɗan matso gaba, ƙafafunta biyu sun bar layin raga. Dokar da aka fara aiki da ita a farkon wannan watan ta ce dole aƙalla ƙafa ɗaya ta kasance a kan layi lokacin da ake bugawa. Tazarar da ta matsa ba ta taka kara ta karya ba, kuma ko taɓa ƙwallon ba ta yi ba. Duk da haka aka ɗaga mata katin gargaɗi, aka ce a sake bugu. Renard ta sake, ta ci. Aka tashi 1 da nema.

'Yan'uwa, ku sa 'yarku a wurin. Shekara 18, a ƙasar mutane, duniya na kallo a talabijin, ana ta maimaita hoton ƙafarta. Ranar Laraba ita ce gwarzuwa, ranar Litinin ƙafarta ce ta jawo aka ci mu. Da na kalli hoton a wayar maƙwabciyata, ƙwallon ba ta dame ni ba. Fuskar yarinyar na tsaya kallo, ina tunanin uwarta a Orlu, da abin da maƙwabta za su ce mata da safe.

Ga abin da ya biyo baya. Kocin bai mayar da ita benci ba. Najeriya ta samu ta tsallaka zagaye na biyu, abin da rabonmu da shi tun 1999, kuma ranar 22 ga Yuni da muka kara da Jamus, ita ce dai a raga. Jamus ta ci mu 3, muka dawo gida. Wata biyu bayan haka, a Agusta, aka tafi da ita wasannin Afirka a Rabat ta ƙasar Maroko tare da 'yan ƙasa da shekara 20. Wasan ƙarshe da Kamaru ya kai ga bugun fenareti, abin nan dai da ya kunyata ta a Rennes. Ta tare guda uku, Najeriya ta ɗauki lambar zinare. Da an ajiye ta saboda kuskuren Yuni, wa zai tare na Agusta?

Wani abu kuma da muka karanta ya ba ni mamaki. Ba ita kaɗai wannan doka ta kama a gasar ba, ta kama mai tsaron gidan Jamaica da ta Scotland. Surutu ya yi yawa, har masu tsara dokokin ƙwallo suka zauna suka gyara. Daga 2020, in ƙwallo ta fita waje ko ta daki ƙarfe, ba a sake bugu don mai tsaron gida ta bar layi, sai in a fili ta rikita mai bugun. Kuma laifin farko jan kunne ne da baki, ba kati. Ma'ana, abin da aka hukunta ta a kai, manya da kansu suka dawo suka ga hukuncin ya yi tsauri. Amma ranar da abin ya faru, doka doka ce, kuma an karanta ta yadda take a rubuce. Ni da na yi shekara arba'in ana karanta mini takarda ina gyaɗa kai, wannan ya shige ni. Abin da ke rubuce shi ke aiki a kanki, ko kin karanta ko ba ki karanta ba.

A Janairun 2020, tana da shekara 19, ƙungiyar Paris FC ta Faransa ta ɗauke ta. Ƙasar da aka ɗaga mata kati, can ta koma neman abinci. Ga sanyi, ga yaren da ba Turanci ba, ba Ibo ba, ga shi ko wata uku ba a yi ba annobar korona ta sa aka dakatar da wasanni. Haka ta daure har ta zama ita ce ta ɗaya a ragarsu.

Sauran labarin zan taƙaita, don wasunku sun ji shi a rediyo. Ranar 21 ga Yuli, 2023, a gasar kofin duniya a Ostireliya, muka kara da Kanada, masu riƙe da zinaren Olamfik. Chiamaka ce ta ɗaura ƙyallen kyaftin a hannu, tana da shekara 22. Aka ba Kanada fenareti. Mai bugawa Christine Sinclair ce, wadda ta fi kowa a duniya, maza da mata, ci wa ƙasarsa ƙwallo. Ta buga, Chiamaka ta faɗi ta ture. Na'ura ba ta samu abin cewa ba, ƙafa tana inda doka ta ce. Aka tashi babu ci. A Disambar wannan shekara, a birnin Marrakesh, hukumar ƙwallon Afirka ta ba ta kyautar mai tsaron gida ta mata da ta fi kowa a nahiyar, kuma ita ce ta farko da aka taɓa ba. A kan dandamalin ta tuna cewa babanta bai so ta yi ƙwallo ba, ta ce ta san zai gani ya yi farin ciki. Ta sake cin kyautar a 2024. A Yulin 2025 tana raga lokacin da Najeriya ta farke ci biyu ta doke Maroko 3 da 2 a Rabat, ta ɗauki kofin Afirka karo na goma. A shekarar ta koma ƙungiyar Brighton ta Ingila.

To, kada in yi muku tallan da ba gaskiya. Ni 'yar kasuwa ce, in manja ya kwana biyu nakan faɗa. Hanyar nan tana da ƙaya. A 2016 'yan Super Falcons sun ci kofin Afirka a Kamaru, suka dawo suka yi zaman dirshan a otal a Abuja kusan mako biyu saboda ba a biya su haƙƙinsu ba. A 2019, a wannan gasar da nake ba ku labari, bayan Jamus ta cire mu, sai da suka ƙi barin otal a Faransa kan kuɗin alawus. Waɗannan fa su ne na sama. Sannan ku lissafa: 'yan wasa 23 aka tafi da su kofin duniya na 2023, masu tsaron gida uku ne a ciki, ɗaya ke bugawa. Duk faɗin Najeriya, ɗaya. Ga rauni, gwiwa guda ta goce shi ke nan. Ga macuta masu cewa a kawo kuɗi za su fitar da yarinya waje. Da aka ji gwamnati ta yi wa 'yan wasan 2025 alƙawarin gidaje da daloli, na ji wasu a kasuwa suna cewa ashe ƙwallo sana'a ce. Ina jin tsoron kada mu tashi daga hani mu faɗa kwaɗayi, duka biyun ba yarinyar muke kallo ba.

Na kuma san abin da ke ran da yawanmu, don shi ne a raina: sutura, da cuɗanya, da bakin mutane. Ba ƙaramar magana ba ce, kuma kowane gida da tsarinsa. Abin da na sani dai, tun 2014 dokar ƙwallo ta duniya ta yarda mace ta buga da kanta a rufe. A gasar 2023 wata 'yar Maroko, Nouhaila Benzina, ta buga da hijabinta, ita ce ta farko a babbar gasar. Mai tsaron gida kuma an saba ganinta da dogon wando da riga mai dogon hannu, saboda faɗuwa a ƙasa. A Arewa ma akwai ƙungiyoyin mata, ga Nasarawa Amazons a Lafiya, ga Adamawa Queens a Yola. Ban ce wannan ya share duk damuwa ba. Ya dai rage mini tawa har na iya zama na yi tunani.

Na koma gida na sami babanta. Na ce Malam, ni na hana, kuma ina ganin na yi gaggawa. Ya ce dama yana jira in sauko da kaina. Muka kira ta muka kafa sharaɗi huɗu. A makaranta za ta buga, ƙarƙashin malamarsu mace. Da suturarta. Kafin magariba tana gida. In sakamakon jarrabawa ya sauka, safar hannu ta shiga akwati. Na ƙara da nawa na biyar: duk takardar da wani zai kawo a kanta, ko ta tafiya gasa ce, ni zan karanta da idona kafin a sa hannu. Shekara huɗu da suka wuce ba zan iya kafa wannan sharaɗin ba. Malama, Allah ya saka miki da alheri.

Ba a gama ba fa. Gwaggonta har yau in ta zo gidan, sai ta yi mini magana a kai, kuma ba na musu da ita, yayar mijina ce. Akwai wadda ta ce mini a gidan biki wa zai auri mai tsalle a gaban jama'a. Maganar ta yi mini zafi, kuma ban da amsar da zan ba ta a lokacin. Ita ma rumfa ta ji a jikinta, don ranar Laraba ni kaɗai nake aune nake ba da canji.

Watan jiya suka yi wasa da wata makaranta, na rufe rumfa da azahar na tafi. Karo na farko ke nan da na taka filin ƙwallo. Ina so in ce muku ta tare komai, amma ƙarya ba ta da amfani. Uku aka zuba mata. Ta ukun ma tsakanin ƙafafunta ta bi, yara suka fashe da dariya, wani ya yi mata waƙa. Na ga ta sunkuyar da kai ta ciro ƙwallon daga raga. Da aka tashi ta hango ni, sai ta tsaya cak, don ba ta san na zo ba. Na san abin da take jira. Tana jiran in ce ai na gaya miki. Wallahi maganar ta zo har bakina. Sai na tuna Rennes, da kocin da bai karɓe safar hannu ba. Na ce mata, na ƙirga, kin tare shida. Ta ce Umma bakwai ne. Muka saya awara a bakin hanya muka tafi gida. Washegari na cire ribar jarka guda na saya mata safar hannu ta gaske, don wadda take sawa ta aro ce, duk ta huje.

Ban sani ba ko autata za ta wuce filin makaranta. Mai yiwuwa shekara biyu ta ajiye ta ce aikin jinya take so, kuma ba zan yi baƙin ciki ba. Ban zo in ce kowa ya kai 'yarsa ƙwallo ba. Wata ɗinki ne a hannunta, wata lissafi, wata gyaran waya, wata gudu. Roƙona guda ne. Ranar da aka ɗaga kofi, dangi suna da yawa, har waɗanda ba a sani ba. Yarinya ta fi bukatarmu tana shekara 14, lokacin da babu wanda ya san ko abin zai zama wani abu, da kuma ranar da ta yi kuskure a gaban mutane. In 'yarki ta zo miki da abin da ba ki saba gani ba, kafin ki ce a'a ki tambaye ta, ki je ki gani da idonki, ki kafa sharaɗinki. In ta faɗi kuma, kada ki zama ta farkon yi mata dariya ko gori. Masu yin wannan suna da yawa a waje.

Ku kuma 'yan matan da ke zaune a baya, ina ganinku kuna murmushi. Kada ku je gida ku ce Umma ta ce a bar ku ku yi abin da kuka ga dama. Chiamaka ta yi zaman benci ba ta yi fushi ba, an hukunta ta ta koma ta gyara ƙafarta. Ku riƙe karatunku, ku kiyaye sharaɗin iyayenku, don shi ke sa a ƙara sakar muku igiya.

Hajiya Shugaba, na ga kin daina dariya, to alhamdu lillahi. Na ci lokaci, ga abinci yana hucewa. Inda na yi daidai Allah ya amfanar da mu, inda na yi kuskure ku yafe mini, ɗalibar aji ce har yanzu. Wasansu na gaba ranar Laraba ne bayan la'asar. Duk wadda ke son rakiya ta same ni a layin 'yan manja, sai mu tafi tare.